Rana Tsaka a Kan Ganuwa

Duk baƙon da ya faɗa hannun Auta, kafin ya taka ƙofar tsohon birni sai ya sha huɗuba. Ka fito da sassafe. Ka sa fararen kaya marasa nauyi, ka rufe kanka da wuyanka. Ka sha ruwa tun ƙishi bai zo ba. In rana ta take, ka nemi inuwa ka zauna kamar kowa, ganuwar nan ta daɗe a tsaye, ba yau za ta gudu ba. Sauran 'yan jagora har tsiya suke yi masa, wai ya fi uwar mutum damuwa da mutum. Ko a jikinsa. Tunda ya fara aikin nan ba a taɓa sauko da baƙonsa ranga-ranga ba, kuma abin taƙamarsa ke nan a duniya.

Mahaifinsa ne kaɗai bai taɓa ɗaukar wannan aiki a bakin komai ba. In aka tambayi tsohon ina autansa, sai ya taɓe baki ya ce yana can yana zagaya kango da mutane. Babban ɗansa kuwa, wanda duk gidan ke ce wa Yaya, yana da shagon firij da fanka a wani gari, kuma shi ba ya laifi. Abin nan ya daɗe yana cin Auta a rai. Shi ya sa ranar da Yaya ya bugo waya ya ce zai kawo Baba a duba masa ido, kuma tsohon ya ce da bakinsa yana so ya ga inda autansa ke wuni, Auta ya rasa inda zai sa kansa don murna. Ya wanke rigar aikinsa, ya goge katin da yake ratayawa a wuya. Ya roƙe su su iso da zarar gari ya waye.

Sai da rana ta kusa tsaka suka iso, don Yaya ya tsaya barci da karin kumallo a otal. Ya fito daga mota cikin baƙar kwat mai kauri da takalmi sau-ciki, sai ka ce taron banki aka gayyace shi. Baba na biye da shi a hankali, kai ba hula.

Auta ya durƙusa ya gaishe su, ya fara, "Yaya, rana ta yi. Gara mu bi ta lungu mai rufi, ku sha ruwa tukuna, in ya so da la'asar sai..."

"Kai, ajiye wa baƙinka wannan karatun," in ji Yaya. "Ni da na share maka majina za ka koya wa tafiya? Ungo, riƙe mini." Ya miƙa masa jaka da makullin mota. "Ai aikinku ke nan, ko?"

'Yan jagora na zaune a rumfarsu, duk sun ji. Da a nan abin ya tsaya da Auta ya haɗiye, ya saba. Amma Baba ya yi dariya, 'yar ƙaramar dariya ta hanci, kuma ita ce ta ƙarasa shi. Ya ji zuciyarsa ta bushe ƙamas.

"To, Yaya," in ji shi. "Duk inda ka ce."

Yaya ya nuna saman ganuwa, inda ya ga ana ɗaukar hoto. A gindin matakala akwai wata mata mai sayar da ruwa, ta ɗago gora biyu. Yaya ya ce sun sha shayi. Ta dubi tsohon, ta dubi Auta.

"Yanzu za ku hau? Da dattijo?"

"Sun fi ni sani," in ji Auta, ya wuce.

Saman ganuwar farin dutse ne shimfiɗe, rana ta dake ka daga sama, dutse ya rama daga ƙasa. Kowane ɗan jagora ya san wuraren tsayawa a can: gindin hasumiya, bakin ɗakin masu tsaro na da, duk inda ɗan bango ya ba da inuwa. A nan ake tsayar da baƙi a ba su labari, tsakani kuwa a wuce da sauri. Auta ya juya abin. Ya riƙa wuce inuwa kamar bai gan ta ba, sai a tsakiyar fili ya ja birki, ya raɓa kafaɗarsa cikin siririyar inuwar da ba ta wuce mutum ɗaya ba, ya buɗe baki. Labarin da yake gamawa a numfashi biyu, ranar sai da ya kawo wanda ya gina, da wanda ya rushe, da wanda ya sake ginawa, har da sunan matansu.

Yaya ya fara narkewa. Gumi ya jiƙa wuyan kwat, fuskar ta kumbura, yana ɗaga ƙafa ɗaya yana sauke ɗaya saboda takalmin ya ɗauki zafi. Girman kai ya hana shi cewa a koma. Auta na kallonsa yana jin daɗi, daɗi na gaske, irin wanda bai ji ba tun yana yaro. So yake kawai ya ga gwiwoyin nan sun kai ƙasa a gaban Baba, Yaya ya ɗago ido ya ce, Auta, ruwa.

"Auta," in ji Baba daga baya.

"Ina zuwa, Baba. Yaya, dubi wancan ramin, ta nan suke..."

Ya ci gaba. Ya ja su wani filin, ya sake tsayawa. Idonsa bai bar ƙeyar Yaya ba.

"Auta, rufe tagar nan," in ji Baba. "Sanyi nake ji."

Sai a lokacin ya waiga. Tsohon na dafe da bango, rigarsa a bushe ƙayau, ba ɗigon gumi a goshinsa, leɓɓansa sun yi fari. Auta ya san abin da wannan ke nufi, ya sha faɗa wa sabbin 'yan jagora: mai gumi da sauransa, wanda gumi ya ɗauke wa shi ne abin tsoro. Kafin ya kai gare shi Baba ya zauna daɓas, ya kife gefe guda.

Yaya ne ya yar da kwat, ya tuɓe takalmin da ke zame masa, ya goya mahaifinsu. Haka ya sauko matakalar nan da ƙafa tsirara a kan dutse mai ƙuna, yana kiran Baba, Baba. Auta na binsa a guje da jaka da makulli. A ƙasa mai ruwa ta kwarara wa tsohon duk abin da ke cikin bokitinta, ba ta ko dubi inda Auta yake ba.

A ƙaramin asibitin da ke bakin ƙofar birni aka kwantar da shi ƙarƙashin fanka, aka lulluɓe shi da jiƙaƙƙen zane, aka sa masa ƙarin ruwa. Nas tana manna filasta tana faɗa.

"Wa ya hau da tsoho ganuwa da tsakar rana? Ba ku ɗauki ɗan jagora ba ne?"

Auta ya tura katinsa cikin riga. Yaya na zaune a benci, tafin ƙafarsa duk ya tashi, an shafa masa magani. Ya daɗe yana duban ƙanensa.

"Kai," in ji shi a hankali. "Ka san haka za ta faru?"

Baba ne ya motsa a gado. Ya buɗe ido da ƙyar, ya lalubo hannun Yaya ya riƙe.

"Ƙyale shi," in ji tsohon, muryarsa a shaƙe. "Kada ka yi masa faɗa. Yaron nan ba ya da mugunta. Da ya sani ai ba zai bar ubansa a rana ba. Bai sani ba ne kawai. Ina zai sani? Wa ya koya masa?" Ya juyo da kai, yana dubansa da tausayi. "Ko ba haka ba, Auta?"

Nas ta tsaya da aikinta. Yaya na jira. Auta ya ga abu biyu ne a gabansa: ko ya ce ya sani sarai, ko ya bar tsohon ya koma gida da rainin da ya zo da shi.

"Haka ne, Baba," in ji shi. "Ban sani ba."

Tsohon ya gyaɗa kai ya lumshe ido.

"In na warke," in ji shi, "ka ba shi wuri a shagonka. Ko goge firij ne ya riƙa yi."