Tayoyin Gefe na Moton Yaya Isufu

Yayana Isufu bai taɓa son wani abu kamar yadda yake son motonsa ba, kuma matarsa Najaha ta daina jin haushin haka tun tuni. Babur ne, amma ba irin ƙananan moton 'yan kabu-kabu ba ne. Ƙato ne baƙi na tafiya mai nisa, da akwatuna a gefe da gilashi a gaba, nauyinsa ya kai na ɗan bijimi. Da shi ya je Agadas, ya je Difa, ya je Kwatano sau biyu. Ni Sadisu, ƙaninsa, ni ke gyara masa shi a garejina da ke bakin gudro, wato titin kwalta, a Matameye.

Shekara biyu ke nan 'yan fashi suka tare shi a hanya, suka ce ya sauka. Mai hankali da ya sauka. Shi kuwa ya murɗa wuta. Suka harbe shi a gwiwar dama, ya tuƙo kusan kilomita arba'in jini na cika masa takalmi. A Damagaram aka yanke ƙafar daga cinya. Moton ya tsira ko ƙwarzane babu, kuma wallahi na daɗe ina jin tsanarsa saboda haka.

Da ya warke sai ya ce hawa zai koma yi. Ƙafa ɗaya ba ta riƙe wannan ƙato a yashin garinmu, shi ma ya sani. Wani dillali a Kano ya turo mana hotuna a salula, kayan ƙarin taya iri biyu. Na farko, a cire tayar baya, a yanke ƙarfen jikin moton, a sa masa tayoyi biyu manya, ya zama mai taya uku har abada. Na biyu wani ƙarfe ne mai ƙananan tayoyi biyu, ana ɗaura shi a gefe da gefe da noti shida, tayar baya tana nan inda take, in ka ga dama ka kwance shi cikin minti ashirin.

Na ce a ɗauki na farko, ya fi zama a ƙasa, ya fi ƙarfi. Kwana uku muna wannan gardama. Ana cikin haka Maman mai walda, maƙwabcin garejina, ya tsoma baki, wai a ba shi moton ya datse bayansa, ya haɗa masa akwati kamar na masu jigilar jarkokin ruwa. Bai rufe baki ba sandar Yaya ta same shi a haƙarƙari. Maman ya zube cikin tsoffin tayoyi yana neman numfashi, da ƙyar na ƙwace sandar.

"An yanke ni," in ji Yaya. "Shi ba za a yanke shi ba."

Muka sayi na kwancewa. Ni na ɗaura shi da hannuna, na ɗaure kowane noti sau biyu. Na gaya masa abu biyu: moton ba zai ƙara kwantawa a kwana ba, sai dai ya juya kai da ƙarfi, sannan kada ya kuskura ya sauke ƙafa in zai tsaya, don tayar gefe tana bayan dugadugansa. Ya dube ni kamar wanda ya zage shi. Ya ce yana tuƙi tun ina yawo ba wando.

Kwana huɗu lafiya lau, yana zagaya gari mutane na yi masa barka. Rana ta biyar ranar kasuwa ce. Na roƙe shi ya bari, ya ƙi, ya shiga kasuwar, na bi shi a ƙasa. Wajen masu rake wata amalanke ta gitta masa. Ya kama birki, kuma ƙafar da ta shekara talatin tana sauka in zai tsaya ta sauka da kanta. Tayar gefe ta hau ta, ta murƙushe ta da ƙasa. Na ji ƙarar daga inda nake. Zafin ya sa hannunsa ya murɗa wuta, moton ya yi tsalle ya faɗa cikin tarin rake, ya kwashe wani dattijo ya maka shi da bango.

Kafin in isa masu raken sun yi masa caa. Da raken suke dukansa, dogaye masu kauri, suna karyewa a bayansa suna ɗauko wasu. Wani ya jawo shi ƙasa, wani ya shure shi a baki. Ban san lokacin da na zaro babban sifana daga aljihu ba. Na farko na same shi a kafaɗa, na biyu a muƙamuƙi, na ga haƙori ya faɗo cikin ɓawon rake. Aka sauke mini wani abu a ƙeya na durƙusa, jini ya rufe mini ido ɗaya, na tashi na ci gaba da kai duka ban san wa nake samu ba. Wata mai ƙosai ce ta kutsa tsakaninmu da matsami a hannu tana ihu, ta nuna musu ƙafar wandonsa da babu komai a ciki. Sai hannuwa suka yi sanyi. Dattijon ya tashi da targaɗe a hannu, ya ce ya yafe.

A asibiti aka ce yatsu uku sun karye, tafin ƙafar ya tsage. Aka naɗe ta. Da na mayar da shi gida Najaha ta biyo ni zaure, ba kuka take ba, idonta a bushe. Ta ce ƙafa ɗaya ta rage wa mijinta, in na bar shi ya ƙarasa ta, ni da ita har Lahira.

Washegari da safe na kwance tayoyin. Minti ashirin, kamar yadda dillalin ya faɗa. Na kai su ɗakin Maman na kulle, na bar moton jingine a kan ƙaramar tsayuwarsa. Hankalina ya kwanta, don na tabbata babu yadda za a yi ya hau shi haka. Wannan shi ne wautar da na tafka, ni da na san shi tun ina goye.

Bayan kwana takwas, da hantsi, ɗan kabu-kabu ya sauke shi a garejin. Ya dubi moton, ya dube ni. Ya tambayi tayoyinsa, na ce na sayar. Ƙarya nake, kuma ya gane. Sandar ta sauka a gefen fuskata, kunnena ya ɗauki ƙugi. Ya ƙara mini a wuyan hannu. Raina ya ɓaci na tunkuɗe shi, yayana, mai ƙafa ɗaya ita ma a naɗe, ya faɗi kan tiren baƙin mai. Har yau in na tuna sai in ji kunya ta rufe ni.

Ya ja jiki har gindin moton, ya kama kujera ya ɗaga kansa ya zauna. Ya dafa karyayyar ƙafar a ƙasa ya miƙar da moton, ya yi wani gurnani da ban taɓa jin mutum ya yi ba. Ya tayar, ya taka giya, ya hau gudro.

Na fizgi moton wani da ya kawo gyara na bi shi. Hanyar Kurni ya ɗauka. Ina bayansa ina ganin farin bandeji yana komawa ja duk sanda ya sauya giya. Amma tuƙi kam yana yi. Ya kwantar da moton a kwana har akwatin gefe ya kusa shafar ƙasa, ya ɗago shi sumul, ya kauce wa rami, ya wuce wata motar kaya. Shekara biyu rabona da in ga bayansa a miƙe haka. Ina zaginsa ina kuka, don na san abin da shi ma ya sani: tafiya zai iya, tsayawa ce ba zai iya ba. Kuma man da ke cikin tankin bai fi kofi biyu ba, ni na zuƙe sauran.

Bayan gonakin gero injin ya fara tari. Na wuce shi, na yar da moton mutane a gefen hanya, na dawo da gudu. Ya taho a hankali, a hankali, kan moton na rawa, ya fara karkata dama, ɓangaren da babu ƙafa. Na shiga ƙarƙashi na tara kafaɗata. Nauyin ya sauko mini gaba ɗaya, na ji ƙashin wuyana ya ce ƙas, bututun hayaƙi ya manne mini a ƙauri yana cin nama. Ban saki ba. Moton bai taɓa ƙasa ba.

Muka tsaya haka, yana sama ina ƙasa, kowa na haki. Jininsa na ɗiga a ɗaya gefen. Ya sunkuyo ya dube ni, fuskarsa duk baƙin mai.

"Ka ga kwanar nan da na sha?"

"Na gani, Yaya."

Ya zare makullin, ya riƙe shi a tafin hannu ya daɗe. Sannan ya zura mini shi a aljihun riga.

"To shi ke nan," in ji shi. "Sauke ni, Sadisu. Ba zan iya sauka da kaina ba."