Tokar Tutiya a Gonar Tamar

A shekarar da takin zamani ya yi ɓatan dabo, buhu ɗaya ma sai mai uwa a gindin murhu, aka sallami Leonard daga aikin reluwe a Kafanchan. Ya dawo ƙauyensu na bakin hanyar Kachia da sana'ar da ba a taɓa gani ba.

Akwai wani kamfani a Kaduna da ke tsoma kwanon rufi cikin narkakkiyar tutiya don kada ya yi tsatsa. Dattin da ke tasowa a saman tukunyar kwashewa suke yi su zubar, shi kuwa Leonard ya loda a durom ya kawo gida. Ya tankaɗe, ya zuba a tukunyar ƙarfe, ya hura gawayi da zugazugi har tutiyar da ta ɓuya a ciki ta narke ta kwanta, sannan ya tsiyaye ta. In ta huce ta zama sanduna masu ƙyalli, 'yan kasuwa su zo su kwashe. Wannan kam neman halak ne, ba mai cewa komai. Matsalar ita ce tokar da ke ragewa, wadda ta taru a bayan gidansa kamar suri.

Mutumin nan ya san abin da yake taɓawa. Ba ya kusantar wutar sai ya ɗaure hanci da tsumma, kullum kuma sai ya shanye ƙwaryar nono, wai tana kashe dafin hayaƙin. Da tulin tokar ya fara cin hanyar rafi, dagaci ya ba shi mako biyu ya kwashe. Mayar da ita Kaduna wahala ce, Leonard kuwa ba abokin wahala ba ne. Ran Lahadi da aka tashi sujada, sai ya tsaya a bakin coci.

"Iyayena mata, taki ya gagara, ni kuma ina da shi tuli. Wannan sinadari shi Turawa suke sawa cikin na buhu. Ku zo ku ɗiba kyauta, saboda Ubangiji."

Saboda Ubangiji, wai. Ko kunyar ginin da ke bayansa bai ji ba.

Cikin masu sauraro akwai Tamar. Ba ta da shanu, ba ta da ɗa a birni. Abin da take da shi irin citta ne da ake kira tafin giwa, mai kauri da ƙamshi, wanda uwarta ta ba ta a kwando ran da aka kai ta ɗaki. Shekara ashirin da shida tana shukawa tana ware iri, ko a shekarar da mijinta ya rasu ba ta sayar da shi ba. Kuma kada wani ya kira ta wawiya. Tun tasowarta toka ba ta taɓa cutar kowa ba: da ruwanta ake miya, da ita ake kare hatsi a rumbu, ita ake watsawa a gona. Wa zai ji tsoron toka?

Washegari ta isa da daronta. Emilia, matar Leonard, ƙawarta ce a zumuntar mata, benci ɗaya suke zama. Ita ta riƙa kama mata daron tana ɗora mata a ka, sau goma sha ɗaya. Kafin ta dawo na goma sha biyu sauran mata sun share wurin, sai kusurwar gonar da ke gindin ɗorawa ta tashi ba ko ƙwaya. Tamar ta yini tana mitar rowar mutane.

Ta shuka irinta kaf, ta rufe da ganye, ruwa ya sauka. Tsiron ya leƙo, ya yi rawaya, bakin ganyen ya ƙone. Ta ce ko rana ce. Bayan mako uku ta sa hannu ta tono guda, ya narke mata a yatsu yana wari. Ta tono na biyu, na goma, duk haka. Ta zauna a kan kunya, ta kira sunan uwarta sau ɗaya, sannan ta tashi ta nufi gidan Leonard.

Hanyar ta bi ta gefen gonarsa. Kore shar, ganye na kaɗawa. Ta duƙa ta ɗebi ƙasar: kashin shanu ne, Fulani ya sa suka kwana masa da garke tun rani. Toka ko ta shafawa a goshi babu. Nan baƙin cikinta ya koma fushi.

Ta same shi a gindin mangwaro da ƙwaryar nononsa.

"Leonard, me ya hana ka zuba takin Turawa a taka gonar?"

"Mama Tamar, sannu da zuwa. Zauna mana."

"Ban zo zama ba. Ka ba ni amsa."

Ya goge baki. "Ni na sayar miki? Kyauta ne. Wataƙila kin zuba ya yi yawa. Ko magani ma in ya wuce awo, ai kin san sauran."

Da ya tsaya nan, da Tamar ta zage shi ta huce. Amma Emilia ta fito daga madafa tana yarfe hannu, wai za ta yi sulhu, ta ce abin da ya fi ruɓewar cittar ciwo.

"Yaya, ki yi haƙuri. Ni ma na ji tsoron abin nan. Ko tukunya ba ya yarda in wanke da shi, yara ma ya hana su wasa a wurin."

Tamar ta dube ta, ta daɗe tana dubanta.

"Kin sani ke nan."

"Mijina ne, Yaya. In ce me?"

"Ba sai kin ce komai ba. Da kin ƙi kama mini daro, da na gane."

An kai ƙara gaban dagaci tare da sauran matan. Leonard ya ce shi ba malamin gona ba ne, dattawa suka ce a yi gafara kamar yadda aka gafarta mana. Aka yi addu'a aka watse. Leonard ya ci gaba da kawo durom, sai dai yanzu can cikin daji yake zubar da tokar.

Da kaka, gonar Tamar ta tashi fili, ko ciyawa ta ƙi ta. Kusurwar gindin ɗorawa kaɗai ta yi, wadda ta yini tana mita a kanta. Ta tone ta a hankali da hannu, kada fartanya ta sare ko yatsa ɗaya. Kwando guda ta samu, daidai abin da uwarta ta ba ta. Shekara ashirin da shida sun koma ranar farko.

Tana ɗaure bakin kwandon Emilia ta ɓullo daga hanyar rafi. Ta ajiye tulunta, ta matso, ta miƙa hannu biyu za ta kama mata.

"Bari," in ji Tamar.

Ta durƙusa, ta jawo kwandon kan gwiwa, ta cije leɓe ta kai shi kafaɗa, daga nan ta ɗora a ka. Ta miƙe. Emilia na tsaye da hannuwanta a miƙe, Tamar ta raɓa ta gefenta ta kama hanyar gida.