Inda Omma Za Ta Kwanta

Karo na uku ke nan da Sangdu ya jingina da itace yana haki, kuma karo na uku ke nan da ƙanwarsa Yunok ta wuce shi ba ta ko waiwaya ba. Duk kayan a bayanta suke: kwalbar makkoli, farar giyar shinkafar da mahaifinsu ke so lokacin yana raye, da busasshen kifi, da tuffa uku, da tabarma, da guduma, da fegi mai jan ƙyalle. Shi kuwa babban ɗa, sanduna biyu kawai ya riƙo, sai wata sabuwar rigar hawan tsauni mai ruwan lemo wadda za a iya hangowa tun daga birnin Wonju.

"Ki rage sauri mana," in ji shi. "Aboji ba gudu zai yi ba." Haka suke kiran mahaifin nasu.

Ta ci gaba da tafiyarta. Ta san in ta buɗe baki yanzu, ba za ta rufe shi ba sai sun sauka.

Dusar ƙanƙara ta yi sammako bana. Ganyen kaka bai gama zuba ba ta sauko a kansa, hanya ta zama tarko, fari fat a sama, ruɓaɓɓen ganye mai santsi a ƙasa. Tun bakwai na safe suka sauka daga bas a ƙauyensu na da, inda yanzu gida huɗu kaɗai ke fitar da hayaƙi, ga shi sha ɗaya ta gota ba su ko kai rafi na biyu ba. Kuma a wane mako? A makon da kowane gida ke gishirta kabejin hunturu, makon da rumfarta a kasuwa ba ta samun wurin sa ƙafa. Ta rufe rumfa, ta bar kabeji ɗari biyu a cikin ruwan gishiri, don ta zo ta kafa fegi ƙwaya ɗaya, aikin da ko akuya za ta iya in an ɗaura mata guduma.

Amma Omma ce ta ce. Uwarsu tana kwance a asibiti wata na uku ke nan, likita ya riga ya ja su gefe ya gaya musu ba za ta ga narkewar ƙanƙara ba. Ranar Asabar masu haƙa za su hau su gyara mata makwanci a gefen mijinta kafin ƙasa ta daskare ta gagari diga. Sun ce a kafa musu fegi kawai, inda suka gan shi nan za su sara. Sangdu ya ce wannan ai aikinsa ne, shekara ashirin da biyu shi yake hawa. Tsohuwar ta kama wuyan hannun Yunok da yatsunta da suka koma kamar tsinke, ta ce ita ma sai ta je. Yunok ta kawo zancen kabeji, ta kawo zancen ciwon gwiwa, tsohuwar ta juya fuska bango. Shi ke nan, magana ta ƙare.

Abin da ke ci mata rai shi ne, duk shekarun nan ba wanda ya taɓa ce mata ta zo. Kowace shekara kafin bikin girbi maza ke hawa su yanke ciyawar kaburbura, mata kuma su zauna a ɗakin girki suna soye-soye har idonsu ya yi ja, don jarumai su dawo su ci. Sau ɗaya ta ce za ta bi, baffansu marigayi ya yi dariya har da tari, wai 'yar da ta yi aure ai ta zama ta wani gida, ta je ta yi wa kakannin mijinta. Sangdu yana zaune, bai ce uffan ba. To amma wanke jikin tsohuwa, da juya ta a gado, da kwashe abin da ba a faɗa, a nan ba wanda ya tuna cewa ita ta wani gida ce. Shi sai ranar Lahadi ya shigo da kwalin lemo, ya nuna wa Omma hoton kabarin a waya, an aske shi tas, ita kuma ta daɗe tana kallo sannan ta ce ya yi ƙoƙari.

Bayan rafi na biyu hanyar ta miƙe tsaye. Suka ɗaura ƙarafuna masu haƙora a ƙarƙashin takalma. Daji ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙurus-ƙurus ɗin ƙafa da numfashin Sangdu, jifa-jifa kuma wani reshe ya gaji ya sauke lodinsa a wuyan mutum. Sawun aladen daji ya ratsa hanya sau biyu. Yatsun ƙafarta suka mutu, gumi na bin bayanta, sanyi na cin fuska. A wani lungu da iska ba ta kaiwa suka ci naɗin shinkafa a tsaye, wanda ita ta naɗa kafin su fito, ya ce gishiri ya ɗan yi yawa. Ta kafe shi da ido har sai da ya haɗiye ya ce amma da daɗi.

Ƙarfe ɗaya da rabi Sangdu ya bar hanya ya ratse hagu, kai tsaye, kamar mai shiga ɗakinsa. Sai ga ɗan fili da tudu a tsakiya, kamar an kifa ƙwarya an barbaɗa mata gari. Babu dutsen suna. A wancan lokacin ina suka ga halin sassaƙa dutse, haka kaburburan talakawa suke birjik a tsaunin nan. Amma wurin tsaf yake, ko tsiro ɗaya babu. Sangdu ya share ƙanƙarar gaban tudun da ƙafa, ya ce, "Aboji, mun zo, yau har da Yunok," sannan ya miƙo hannu a ba shi tabarma da kwalba, ko dubanta bai yi ba.

Yunok ba ta sauke jakar ba. Juyawa kawai take yi, ta dubi nan ta dubi can.

"Oppa," in ji ta, yadda ƙanwa ke kiran wanta, "ina dutsen?"

"Wane dutse?"

"Tsagaggen dutsen da ke wajen kansa. Kuma ina kogi? Daga wajen Aboji ana hangen kwanar kogi."

Ya ce itatuwa sun girma, shekara ashirin ba kwana ashirin ba ce. Ta ce itace dai yana girma, amma ba ta taɓa jin dutse ya tashi ya yi ƙaura ba. Ya ja tsaki, ya ce yanzu macen da sau ɗaya ta taɓa taka wurin nan ita za ta koya masa kabarin ubansa?

"Sau ɗaya, ƙwarai," in ji ta. "Ranar da aka sa shi a ciki. Kai kana ina?"

Yana can tsakiyar teku a jirgin kamun kifi, sai bayan wata bakwai ya dawo. Da yake babu ɗa namiji a gida ran nan, ita aka ba hoton mamacin ta riƙe a gaban masu ɗaukar gawa, tana 'yar shekara sha tara, ta zame ta fasa ƙwaurinta a jikin dutsen nan, har yau tabon na nan. Shi kuwa baffa ne ya kawo shi da damina, ciyawa ta kai ƙirji, kuma duk ƙauye an san baffa ba ya hawan tsauni sai ya jiƙa maƙoshi. Ta faɗa masa wannan duka, har da wasu maganganun da ba su shafi kabari ba, muryarta na dawowa daga ɗaya gefen kwarin. Ya ce ta haukace. Ta gyara jakarta ta ci gaba da hawa.

Babu hanya a sama. Ƙaya ta kama wandonta, sau biyu ta faɗi da gwiwa, tana tashi tana zagin baffa a inda yake kwance. Tsoro ma ya kama ta, don in ita ce ta yi kuskure, Sangdu zai riƙa ba da labarin nan a kowane biki har ta mutu. Ta yi minti ashirin, ta yi talatin. Sai ta ga dutsen, baƙi, a tsage gida biyu, ƙanƙara ta cika bakin tsagar. Ta juya, ga kogi can ƙasa yana shan kwana.

Tudun kuwa da ƙyar za ka kira shi tudu. Ya lotsa, aladun daji sun tone gefe guda, kuma itatuwa uku sun fito ta tsakiyarsa, babban ya kai kaurin cinyarta. Kowa ya san abin da saiwa ke yi in ta shiga kabari, nannaɗe mamaci take yi ta hana shi hutu. Yunok ta cire safar hannu, ta zura hannu cikin tsagar dutsen har kafaɗa, ta lalubo abin da ta ɓoye a can ranar jana'iza ba wanda ya gani. Laujen mahaifinta ne. Ƙotar ta ruɓe, ƙarfen ya yi ja da tsatsa.

Da Sangdu ya iso, kusan da rarrafe, rigar lemon nan ta yage a hannu, Yunok ta ajiye laujen a gabansa a kan ƙanƙara. Ya san shi. Da shi aka koya masa yankan ciyawa, ga ma giɓin da shi da kansa ya yi masa a kan dutse ya sha duka. Ya dubi laujen, ya dubi itatuwan, sai ya zube. Ya kama ƙaramin itacen cikinsu yana jijjigawa da hannu biyu, yana wani irin kuka mummuna na babban mutum. Yunok ta daɗe tana son ganin ranar da bakin Sangdu zai mutu. Ga ta ta zo, kuma ba daɗi ko kaɗan. Haushinta ma ƙaruwa ya yi, don yanzu har tausayinsa sai ta ji.

A kan dutsen waya ta kama. Ta kira asibiti, mai jinya ta kara wa tsohuwa wayar a kunne. Yunok tana cikin lalubar yadda za ta faɗa ba tare da ta ƙarasa ta ba, sai muryar ta zo, siririya.

"Kina ganin kogi?"

Yunok ta juya ta dubi kwarin. "Ina gani."

"To, kin same shi ke nan."

"Omma, kin sani?"

Tun shekara shida, in ji tsohuwar, tun ranar da Sangdu ya fara nuna mata hoto. Ita da ta zauna a kan dutsen nan ta yi kuka har muryarta ta dishe, ita za ta manta shi? Yunok ta juya wa wanta baya, ta rage murya, ta tambaya me ya hana ta magana, shekara shida tana sane itace na cin mijinta.

"Ubanku mai haƙuri ne, ya iya jira. Wanki kuwa bai iya ɗaukar kunya ba, tun yana ƙarami. Wa zai dubi babban ɗa ya ce masa bai san kabarin ubansa ba?" Ta yi tari, ta huta. "Amma ni kam ba zan je in kwanta a gefen wani ƙaton da ban sani ba. Me mutane za su ce?"

"Shi ya sa kika turo ni. In faɗa, ni ya tsana."

"Ke ai kin iya ɗauka," in ji tsohuwar.

Yunok ta kashe wayar. Shekararta arba'in da ɗaya a duniya tana jin wannan maganar, yau da wannan salo, gobe da wancan, kuma kullum ana faɗa mata ita kamar yabo.

Ta tattake ƙanƙara ta shimfiɗa tabarma, ta jera kifi da tuffa. Kofin farko na babban ɗa ne, haka ake yi ko'ina. Ba ta jira shi ba. Ta cika kofin, ta zagaya tudun tana zubawa, ta dawo ta kai goshinta ƙasa sau biyu. Sangdu bai hana ba, ya durƙusa a bayanta ya bi ta. Sannan ta auna taku huɗu a gefen da ake kwantar da matar mutum, ta ɗora fegin, ta dinga bugu har bayan ya gama shiga.

"Me Omma ta ce?" in ji Sangdu.

Amsa mai sauƙi na nan a bakinta: ta ce a gaida Aboji. Da ta faɗi haka an wuce wurin, shi da uwarsa kowa ya kwana lafiya. Ta dubi tafin hannunsa da ɓawon itace ya yanka, ta dubi itacen da ko gezau bai yi ba.

"Ta sani tun shekara shida. Ta ce ba ka iya ɗaukar kunya ba, shi ya sa ta yi shiru." Ta cusa guduma da tabarma a jaka, ta ja zif, ta ajiye masa a gaba. "Ni kuwa na ce ka iya. Ranar Asabar ka zo da zarto."

Ya daɗe yana kallon jakar kafin ya saɓa ta.

Rana ta karkata, iska ta fara cizo, ga tafiyar awa huɗu a gabansu. Da suka iso ɗan filin nan mai tsafta, Sangdu ya tsaya. Ya fito da kwalbar, ya juye ɗan abin da ya rage a gefen tudun, ya tsaya yana kallon wurin da ya shekara ashirin da biyu yana kai goshi. Can ya tambaya, kamar da kansa yake magana, ko wa zai yanke wa wannan bawan Allah ciyawa baɗi.

"Kai mana," in ji Yunok. "Ai kai kaɗai ya sani."

Ta wuce gaba, hannayenta biyu a aljihu, bayanta ba komai.