Mai Giɓi Ɗaya

Sondre mai gyara ya kwance bayan kwamfutar, ya zare tsohuwar ma'adanar bayanan, 'yar siririya kamar sallen cingam, ya ajiye ta gefe. Ruwan saman birnin Bergen na ta dukan tagar shagon.

"Baiwar Allah, wa ya ce ki sayo wannan?" Ya ɗaga sabuwar. "Dubi haƙoranta, giɓi ɗaya. Taki mai giɓi biyu ce. Ko ta shiga, kwamfutarki ba za ta gane ta ba."

"Ni kwalin na duba, na ga babba ce," in ji Liv, mai kwamfutar. "Tsohuwar ta cika. Don Allah kar komai ya ɓace, gobe kotu."

A tsohuwar ne bidiyon yake, na ranar da mijinta Torvald ya karya mata hannu kafin su rabu. Ban da shi ba ta da wata shaida, kuma in ya ɓace, yaranta biyu za su ci gaba da kwana gidansa duk mako.

Ƙofa ta bugu da bango. Torvald ne, jiƙe sharkaf. Ashe biyo ta ya yi.

"Munafuka! Nan kika kawo ni?"

Ya fizgo gashinta ya haɗa kanta da kantar shagon, ya ɗaga kwamfutar ya maka da ƙasa. Da ya ga cikin kwamfutar a buɗe sai ya juyo kan Sondre.

"Ba ni abin hannunka, ɗan iska!"

"Ɗan'uwa, tsaya ka ji..."

Naushi ɗaya, hancin Sondre ya fashe. Torvald ya murɗe masa yatsu har ɗaya ya yi ƙara, ya ƙwace ma'adanar, ya ɗauki guduma ya yi ta kirɓa har ta zama gari. Mai tsoron tonon asiri ba ya tsayawa ƙirga giɓi.

"Sai ki kai wa alƙali wannan." Ya tofa yawu ya fice.

Liv ta durƙushe tana kuka, ta tabbata ta rasa yaranta. Sondre ya toshe hanci da tsumma, ya turo mata tsohuwar da wani yatsa da ya tsira.

"Taki ga ta nan. Sabuwar ya daka, wadda ba komai a cikinta."

Ta damƙe ta. Can ta ɗaga kai ta dubi kusurwar silin.

"Kyamarar can tana aiki?"

"Ba ta taɓa hutu ba."

Ta share jinin goshinta. "To, gobe bidiyo biyu alƙali zai kalla."