Kifayen da Aka Zaɓa wa Auta

Tocila a hannu, goshi manne da gilashi, Dakta ya duba ganyen sau uku bai ga ko ɗaya ba. Jiya da yamma jariran kifin sun fi ɗari biyu a jikin faffaɗan ganyen nan, kowanne na kaɗa 'yar jelarsa kamar silin gashi. Yau ganyen fes, sai ka ce an wanke shi da sabulu. Iyayen kuwa suna shawaginsu a gefe da ciki a cike, ko kunya babu.

"Sun sake cinyewa?" in ji matarsa daga bakin ƙofa, tana riƙe da rigarsa ta aiki da ta goge.

"Wa ya buga ƙofar falon nan jiya?"

"Ni dai ban ga mai shiga yana fita ba sai kai. Sau nawa ka haska su daga la'asar zuwa cin abinci?"

"Dubawa nake yi. Ke me kika sani a kan kifi?"

"Na san yadda ake soya shi," ta ce, ta rataye masa rigar a kan kujera ta wuce.

Dakta ba likita ba ne. Jini yake aunawa a ɗakin gwaje-gwaje na asibiti, amma maƙwabta sun laƙaba masa sunan, shi kuma bai taɓa gyara wa kowa ba. Shekara uku ke nan yana kiwon kifin ado, irin wanda masu sayarwa ke kira enjel, mai faɗi kamar ganye da dogayen fikafikai. Akwatunan gilashi huɗu ya jera a falo, kowanne da fitilarsa da abin auna zafin ruwa. Burinsa ɗaya ne tal, ya ga 'ya'yan da aka haifa a gidansa suna iyo. Sau goma sha ɗaya kifayensa suna zuba ƙwai, sau goma sha ɗaya suna mayar da shi ciki. Wannan karon har an ƙyanƙyashe, saura kwana ɗaya su saki ganye.

Saboda su ne ma ya haɗa kwalbar da ke kusurwa. Gorar roba ce da ya kife, ya zuba ruwan gishiri, ya sa mata bututun iska, ya barbaɗa ƙwan wasu ƙananan jatan lande mai kama da garin shayi. Yini da kwana suke yi su fashe, kuma su ne abincin da bakin jaririn enjel ke iya kamawa. Ya haska kwalbar. Sun fashe tsaf, ruwan ya yi ja da su. Ga abinci ya nuna, babu mai ci.

A wurin aiki ya yi wa masinja tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya, idonsa na kan madubin duba jini, wayarsa ta yi ƙara. Ƙanensa ne, Auta, direban babbar bas mai dogon zango.

"Yaya, kifin nan naka da ka ba ni, ina jin ba su da lafiya."

"Sun mutu?" Ya ji kansa ya tambaya da sauri fiye da yadda ya kamata.

"A'a, suna nan garau. Wasu ƙwari ne suka cika ruwan, ƙanana kamar 'ya'yan sauro, sun yi gungu suna bin su duk inda suka yi. Har na ga babban yana kama su da baki yana tofarwa. In zubar da ruwan in sa sabo?"

Dakta ya ɗago daga madubin. Wata shida da suka wuce, da Auta ya dame shi da roƙo, ya shiga cikin kifayensa ya tsamo biyu da ya riga ya fid da rai da su, ɗaya mai karkataccen fiffike, ɗaya mai hakiya a ido. Ya zuba masa a leda, ya haɗa masa da tsohon akwati mai tsaga a baki, ya ce masa waɗannan su ne zakarun gidan. Auta har da rusunawa wajen godiya.

Kalma ɗaya ta isa. In ya ce "zubar," magana ta ƙare, ba wanda zai taɓa sani.

"Yaya, kana ji na?"

"Kada ka taɓa komai. Ina zuwa in na tashi."

A cikin bas an matse shi tsakanin wata mata mai buhun gawayi da wani mai barci a kafaɗarsa, amma ba wannan ke cin ransa ba. Tun suna yara haka abin yake. Shi ne mai kwana a kan littafi, Auta ne mai dawowa da kyautar malamai. Shi ya yi wata biyu yana koyon keke da gwiwa duk ciwo, Auta ya hau ran farko ya zagaya unguwa hannu a sake. Ko mahaifiyarsu in za ta ba da labarin 'ya'yanta, shi "mai ƙoƙari" ne, Auta kuwa "mai sa'a." Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kifin nan kaɗai ne abin da yake ganin nasa ne shi kaɗai a duniya, ga shi nan ma an biyo shi.

Matar Auta ce ta buɗe masa, ta durƙusa ta gaishe shi. Ya duba falon bai ga akwati ba.

"Ina kuka ajiye su?"

"Ga su can a lungu, Yaya, bayan injin ɗinki," ta ce tana dariya. "Ni ce na rufa musu tsohon zane. Wallahi kallona suke yi in ina cin abinci, sai in ji loma ta ƙi wucewa."

Auta ya fito yana miƙa, da alamar bai daɗe da tashi daga barcin gajiyar hanya ba. Ya ɗage zanen da yatsa biyu. Gilashin ya yi kore da gansakuka, babu fitila, babu abin auna zafi, sai wani tsohon famfon iska da ke tari. A tsakiyar ruwan ga mai karkataccen fiffike da mai hakiya, sun sa wani gajimare a tsakaninsu. Dakta ya tsuguna. Ba ƙwari ba ne. Kowanne da idanu biyu baƙaƙe, da jela, yana iyo da kansa. Sun haura ɗari uku. Ɗaya ya yi nisa, uwar ta bi shi ta kama da baki a hankali, ta dawo ta tofa shi cikin 'yan'uwansa.

Shekara uku yana mafarkin wannan hoton. Bai taɓa zaton zai gan shi a bayan keken ɗinkin matar ƙanensa ba.

"'Ya'yansu ne," ya ce.

"Kai! Haihuwa suka yi?" Auta ya tafa hannu. "Ke, zo ki ga, mun yi jikoki!"

"Me kake ba su? Wane ruwa kake sa musu?"

"Ruwan famfo mana. Abinci kuwa in na tuna. Wannan zuwan ma kwana biyar ba na gari, ita kuma ta manta da su sam."

"Ba wanda ya leƙa su?"

"Wa zai leƙa? Ai sai yau da na ɗaga zanen."

Dakta ya tuna tocilarsa, ya tuna goshinsa a jikin gilashi safe da yamma. Ya kawar da tunanin, don ba shi da wurin ajiye shi yanzu.

"To Yaya, me jarirai ke ci? Na murtsuke musu na iyayen, sun ƙi kulawa."

Ba za su kula ba, bakinsu bai kai ba. Daga ranar da suka fara iyo, kwana ɗaya gare su, in ya yi yawa biyu, yunwa ta kwashe su. Dakta ya san haka kamar yadda ya san sunansa. Ya kuma san abin da ke tafasa a kwalba a kusurwar falonsa.

"A dafa ƙwai," ya ce, yana kallon bango. "A dama gwaiduwar da ruwa a zuba musu."

Ba ƙarya ya yi ba. Ana ba su gwaiduwa in babu yadda za a yi, amma abin da kan tsinken ashana zai ɗauka, shi ma sai an tace, an kuma sauya ruwa bayan awa biyu. In ta wuce haka, ruwan zai yi fari ya ruɓe, kafin gari ya waye har iyayen sai sun taso ciki sama. Wannan ɓangaren ne bai faɗa ba, kuma ya san hannun Auta, mutumin da ko sukari zai zuba sai cokali ya yi tozo.

"Shi ke nan? Abu mai sauƙi!" in ji Auta. "Allah ya bar mana kai, Yaya."

Bai tsaya shan ruwa ba. A hanya yana ta gaya wa kansa cewa an tambaye shi ya amsa, ba a tambaye shi adadi ba. Da ya isa gida ya tarar da matarsa a falo tsaye a kan kwalbar.

"Abin nan naka in zubar? Ƙarar ta ishe ni, kuma ina son wurin in sa abin guga."

"Kifin Auta sun haihu," ya ce, ba tare da ya yi niyyar faɗa ba.

"Waɗanne? Guragun nan da ka ba shi?" Ta fara dariya, sai ta ga fuskarsa ta haɗiye. "Ikon Allah. To ai sai ka kai musu wannan, tunda naka sun ƙoshi da 'ya'yansu."

"Na gaya masa abin da zai ba su."

"Me?"

"Gwaiduwa."

Ta dube shi. Shekara uku tana jin karatun kifi a gidan nan ko tana so ko ba ta so.

"Ba kai ka ce gwaiduwa na kashe ruwa ba?"

Ya zauna ya cire takalmi ƙafa ɗaya. Kifayensa masu kyau, masu cikakkun fikafikai, suna ta yawo a ruwa mai haske kamar ba su aikata komai ba. Abin da ya tsaya masa a ido kuwa ba su ba ne, uwar nan ce mai hakiya, yadda ta bi ɗan da ya yi nisa ta dawo da shi. Haushin Auta yake ji har yanzu, bai ragu ko kaɗan ba. Amma ƙwai minti goma yake yi ya dahu, shi kuma ya kusa awa ɗaya da barin gidan.

Ya mayar da takalmin. Ya zare bututun, ya rufe kwalbar, ya cusa tsumman tacewa a aljihu. Bai jira bas ba, mai babur ya tare, ya rungume kwalbar a ƙirji ruwan gishiri na ɗiga masa a rigar aiki.

Ko sallamarsa ba a gama amsawa ba ya faɗa falon. Auta na tsugune gaban akwatin da kofi a hannu, ya cika shi da wani abu mai kauri ruwan ɗorawa.

"Tsaya! Ka zuba?"

"Yanzu dai zan zuba. Gas ne ya ƙare mana, sai da na je na sayo. Biyu na sa ta dafa, na ga suna da yawa."

Dakta ya karɓe kofin ya miƙa wa matar Auta. "Kai wannan kicin."

"Ba shi ba ne, Yaya?"

"Na samo wanda ya fi shi."

Ya tace jatan landen a tsumma, ya ɗauraye gishirin da ruwan famfo, ya ɗiga kaɗan a gefen gajimaren. Da farko ba abin da ya faru. Can sai ɗaya ya zabura ya cafke, sai na biyu, sai duk gungun ya watse yana farauta. Cikin 'yan mintoci cikkunansu suka yi ja, ana gani ta jikin fata. Hannun Dakta ya tafi aljihu da kansa, ya taɓa tocila. Uban ya juyo ya tsaya cak yana fuskantar gilashi, fikafikansa a miƙe.

Ya saki tocilar. Ya kama bakin zanen ya sauke shi har ƙasa.

"Haba Yaya, bari mu ɗan ƙara kallo mana."

"Ba sa son kallo. Sau uku a rana za a ɗaga, a ɗiga, a rufe. Bari in juye muku ragowar a kwano. Gobe zan kawo wata kwalbar in nuna mata yadda ake haɗawa."

Auta ya raka shi har bakin titi, yana ta lissafa abokan da zai kira su zo su ga abin da ya haifa. Dakta na jin kowane suna kamar ana taka masa yatsa. Da bas ta tsaya, Auta ya riƙe masa hannu.

"Yaya, wallahi ba zan manta ba. Da wani ne, da ya samu masu haihuwa irin waɗannan sai ya riƙe abinsa. Bari su girma. Ni da kaina zan zauna in zaɓar maka biyu, kamar yadda ka zaɓar mini."

Dakta ya dubi fuskarsa da kyau, yana neman zolaya ko da ƙanƙanuwa ce. Babu. Kwandasta ya buga jikin mota yana kira.

"Ka bari ni zan zo in zaɓa," ya ce, ya hau da fankon kwalbarsa a hammata.