Wayar da Ke Ladabtar da Bawul

Tun da gobara ta cinye tsohuwar amfilifayarsa, na'urar da ke ƙara wa jita murya, Yaya ya rataye jitarsa a bango ya ce ya gama kiɗa. Ya gwada na zamani har ya gaji, wai duk muryarsu ta roba ce. Mutumin da a da sai an roƙe shi ya huta, ya koma zaman kallon rufin ɗaki, har ya fara zancen kyautar da jitar.

Ƙanwarsa, wadda unguwa ke kira Injiniya saboda shagonta na gyaran rediyo, ta ce ba dai tana da rai ba. Ita da taurin kai kuwa tare aka haife su. Ta ƙudura haɗa masa wata amfilifayar da hannunta. Ta farke wata tsohuwar rediyo ta ciro bawul, irin kwalaben gilashin nan da ke yin ja idan sun ɗau zafi. Ta huhhuda farantin alminiyam ta dasa su, ta ƙone yatsa da dalma ba sau ɗaya ba.

Matakin farko, mai ɗaga siririn sautin jita, bai ba ta wuya ba. Na ƙarshe, mai tura shi cikin lasifika, shi ya sha mata kai: da an ƙara murya sai ya yi gurnani. Ita ko duk rayuwarta gurnani ciwo ne da ake biɗa wa magani. Ta ja waya ɗaya da ke mayar da ɗan sautin baya, don ta ladabtar da bawul ɗin. Murya ta fito tas.

Ta kira Yaya shago, tana ta yauƙi. Ya zo da jitarsa, ya taɓa tsirkiya, ya saurara, ya kwantar da jitar a kan benci.

"Sannu da ƙoƙari, Auta. Amma ba ita ba ce."

"Ba ita ba ce kamar yaya? Ko ƙura babu a muryar nan!"

"To ai shi ne. Waccan idan na matsa mata, kuka take yi, muryarta ta dushe kamar ta wanda ya kwana da mura. Wannan labarai take karanto mini."

Ranta ya ɓaci ƙwarai. Ashe abin da ta yi makonni tana kora, shi ne abin da yake yi wa makoki. Ya kama hanyar ƙofa, ko jitar bai waiwaya ba.

"Yaya, dawo ka zauna!"

Ta zare fulogi, ta jira wutar ciki ta tsiyaye, ta ɗauki filaya. Hannunta ya ɗan tsaya a kan wayar nan, don ita ce aikin da ta fi alfahari da shi. Ta datse ta.

Da bawul suka sake yin ja, ya buga da ƙarfi. Lasifika ta yi gurnani har kusoshin kan benci suka yi rawa. Ya gyara zama ya ci gaba.

Wani mai rediyo ya leƙo ya ce, "Injiniya, wannan kam ta lalace."

"Ƙwarai," in ji ta, tana goge ido da gefen mayafi. "Da hannuna na lalata ta."