Kallo Kawai Nake Yi

Mai tasin ya taka birki daidai inda kwalta ta rabu biyu, ya ce daga nan ba zai ƙara gaba ba. Ladi ta roƙe shi da Turanci, ta haɗa da ɗan Larabcin da ta tsinta a asibiti, amma ya girgiza kai, ya nuna mata hayaƙin taya da ke tashi can bayan gonakin Umm Salal.

"Khalas, madam," in ji shi.

Ta sauka, ta ƙara tamke ɗankwalinta, ta kama hanya da ƙafa. La'asar ce ta ranar Juma'a, rana ta yi sanyi amma ƙasa ba ta huce ba. Tun kafin ta hango mota ko ɗaya take jin rurin injuna yana dukan ƙirjinta. Ba kallo ya kawo ta ba. Ƙanenta Reuben ta zo ɗauka, kuma ta ƙudurta a ranta ko da jan kunne ne sai ta fitar da shi daga wurin nan kafin 'yan sanda su iso.

*

Shekara shida ke nan Ladi tana aikin jinya a Doha, a sashen da ake kawo waɗanda suka yi haɗari. Da korona ta shigo aka mayar da ita ɗakin masu cutar. Tana cikin rigar ledar nan mai dafa mutum aka bugo mata daga Wusasa cewa Baba ya rasu. Jirage ba sa tashi, don haka a waya ta ga an binne mahaifinta, tana tsaye a bayan ƙofar ɗakin canja kaya. Bayan makoki Mama ta roƙe ta abu ɗaya: ta jawo Reuben kusa da ita, don tun rasuwar ya daina zama wuri ɗaya.

Ta yi ta fafutuka har ta samo masa aiki a wani garejin gyaran motoci. Reuben bakanike ne na gaske, ɗan shekara ashirin da bakwai, mai kunnen da in mota ta wuce zai gaya maka abin da ke damunta ba tare da ya buɗe bonet ba. Wannan kunnen ne ya ja masa. Lokacin kullen korona tituna sun zama wayam, sai wasu samari masu manyan motoci suka mayar da hanyoyin bayan gari filin tsere. Cuta ta tafi, ɗabi'ar ta zauna. Su ke kawo motocinsu garejin su Reuben, shi kuma ranar Juma'a sai ya bi su don ya ji yadda aikin hannunsa ke kuka a kan hanya.

Ranar Lahadin da ta wuce, da ya zo cin tuwo a ɗakinta na Al Sadd, ta tare shi da maganar.

"Yaya, ni fa kallo kawai nake yi," ya ce yana lasar yatsa. "Ban taɓa riƙe sitiyarin kowa ba."

"Waɗanda ake kawo mana a kakkarye, rabinsu ma kallon kawai suke yi."

"To a gida in ana dambe, ko mota ta faɗi, wa ya taɓa kama mai kallo? Ido ai ba ya laifi."

"Nan ba Zariya ba ce. Ba ka ga sanarwa ba? Yanzu da mai tseren da wanda ya tsaya kallonsa duk kamawa ake yi. Ga gasar ƙwallon duniya saura wata guda, ba za su ɗaga wa kowa ƙafa ba. Su masu motocin garinsu ne. Kai fa? Katin zamanka a hannun kafil yake, mai garejin da ya tsaya maka, rana ɗaya zai soke shi."

Ya yi dariya, irin dariyar Baba sak, abin da ya ƙara ƙona mata rai.

"Kuma bari in gaya maka," ta ci gaba, "da ba ku taruwa kuna tafi kuna ɗaga waya, babu mahaukacin da zai je ya ƙona taya shi kaɗai a cikin rairayi. Ku ne man motar."

Ya yi mata alkawari ya daina. Reuben dai akwai saurin alkawari. Da safiyar Juma'ar nan, tana dawowa daga aiki, sai ta haɗu da Garzali, mai gadin ginin da take haya, mutumin Gwarzo mai fara'a wanda bai iya riƙe magana ba.

"Sista, an sauka lafiya? Yau ina hutu, mu da mutumina Reuben za mu je shan kallo bayan Umm Salal. Wallahi motocin nan kamar za su tashi sama."

Ta yi murmushi, ta tambaye shi kwatancen wurin kamar mai sha'awa. Shi kuwa bawan Allah ya zayyana mata har da inda ake karya kwana.

*

Mutane sun fi ɗari a gefen hanyar, sun jeru ba shinge ba komai, kowa da waya a sama. Akwai masu fararen riguna, akwai leburori da kayan hutunsu, har da masu shan shayi a kan bonet. Ta kutsa tana leƙa fuskoki. Can ta hango shi a sahun gaba, kafaɗa da kafaɗa da Garzali, bakinsa a buɗe don daɗi.

Ta damƙi hannun rigarsa ta baya. Ya juyo, fara'ar ta gudu daga fuskarsa.

"Yaya? Me ya kawo ki nan?"

"Wuce mu tafi."

"Don Allah kar ki kunyata ni a gaban mutane. Zagaye ɗaya ya rage."

"Na ce wuce."

Bai taɓa yi mata musu ba in ta yi wannan muryar, tun suna yara. Ya bi ta yana gunaguni, tana jan sa kamar akuyar da aka sayo daga kasuwa. Garzali ya matsa ya cike gurbin da ya bari, yana ɗaga musu hannu yana dariya.

Taku ashirin suka yi. Wata farar mota ta taho a guje, direban ya murza sitiyari don ya juya ta a tsaye yadda 'yan kallo ke so, sai tayar baya ta sauka daga kwalta. Ladi ta ji ƙarar kafin ta gani. Motar ta share gefen sahun, ta yi tsalle, ta kifa a rairayi.

Abin da ya biyo baya ba ta taɓa ganin irinsa ba, duk da shekarunta a aikin nan. A gida in aka yi haɗari mutane rugowa suke yi, wani ya kawo ruwa, wani ya cire rigarsa, wani ya tare mota. Nan kuwa wani ya yi ihu da Larabci cewa 'yan sanda, sai taron ya watse. Kowa ya san hukuncin wanda aka samu a wurin. Direban ya rarrafo ta taga, abokansa suka ja shi cikin wata mota. Masu ƙananan raunuka suka yi ɗingishi suka bi su. Mutum ɗaya aka bari a kwance, takalminsa ɗaya can nesa da shi.

Garzali ne, a daidai inda Reuben ke tsaye ɗazu.

Ladi ba ta san lokacin da ta isa kansa ba. Cinyarsa ta dama ta buɗe, jini na tsartuwa da kowane bugun zuciya. Numfashinsa na kakari, harshe ya koma baya. Ta danna cinyar da gwiwarta, ta buga lambar agaji da hannu ɗaya ta faɗi wurin, ta jefar da wayar. Da ta miƙa don ta ɗaga masa haɓa, sai gwiwar ta goce, jinin ya dawo. Ta koma ta danne, kakarin ya ƙaru. Ta sake gwadawa, haka dai. Aikin na mutum biyu ne, kuma ta san in babu na biyun, Garzali ba zai kai minti biyar ba.

"Yaya, taso mu tafi." Reuben ne, ƙafarsa ɗaya a cikin motar wani abokin aikinsa, ƙofa a buɗe. Direban na buga sitiyari yana cewa yalla, yalla. Daga nesa jiniya ta fara tashi.

Ta dube shi. Abin da ta tako rairayin nan dominsa ke nan, ga shi ya samu: ƙofa a buɗe, mota a kunne. Kalma ɗaya za ta faɗa, ya tafi, gobe ya wayi gari a garejinsa kamar ba a yi ba. Ita tana da katin asibiti, tana da abin faɗa. Shi ba shi da komai sai waya cike da hotunan tsere. Ta tuna muryar Mama. Ta ji tsoro ƙwarai, kuma ta ji haushin Garzali da surutunsa, da ita kanta da ta iya aikin nan har ta san abin da zai faru in ta yi shiru.

Garzali ya buɗe ido, leɓensa na motsi ba sauti.

"Reuben," ta ce, "zo ka danna nan."

Ya tsaya kamar bai ji ba.

"Zo. Hannu biyu, da duk nauyinka. Kar ka ɗaga ko me ya faru."

Ya sauke ƙafarsa. Motar ta figa tun ƙofar ba ta rufu ba. Ya durƙusa ya danna inda ta nuna masa, jini ya ɓullo ta tsakanin yatsunsa, sannan ya ragu. Ladi ta gyara kan Garzali har numfashi ya daidaita, ta warware ɗankwalinta ta ɗaure cinyar ta sama, ta murɗa da biro. Reuben bai ɗaga hannunsa ba. A haka motocin 'yan sanda da ta asibiti suka same su, su uku a fili fetal, sai kofunan shayi da aka zubar.

*

Ita ba a riƙe ta ba. Katin aikinta da kiran da ta yi sun isa shaida. Ta yi bayani har muryarta ta dishe cewa ƙanenta ya tsaya ne don ceton rai, kuma an rubuta hakan, an ma yaba masa. Amma da aka buɗe wayarsa sai ga hotunan tseren Juma'a goma sha ɗaya a jere, wasu har da fuskarsa yana ihu. Aka yi masa hukuncin mai kallo. Kafil ɗinsa kuwa bai jira komai ba, ya ce garejinsa ba ya son suna a irin wannan magana, ya soke katin.

Garzali ya rayu, har ƙafar ma ba a yanke ba. Likitan da ya yi aikin ya ce wa Ladi duk wanda ya danne jijiyar nan shi ya ceci mutumin. Ta ce ta gode, ta shiga banɗaki ta yi kukanta ta wanke fuska ta koma bakin aiki.

Kwana biyu kafin buɗe gasa ta raka Reuben filin jirgi. Duniya na shigowa da tutoci da ganguna, shi yana fita da jaka ɗaya.

"Yaya," ya ce, "da kin ce in gudu, da na gudu."

"Na sani."

"In aka sake, za ki ƙara kira na?"

Ta daɗe tana kallon hannuwansa. "Zan kira ka."

Ya gyaɗa kai, bai yi fushi ba, bai kuma yi dariyar nan ba. "To me zan ce wa Mama?"

"Ka ce mata ni na riƙe ka. Sauran ni zan faɗa mata da bakina."

*

A jirgin ƙasa na komawa ta samu wuri a tsaye, takunkumi a fuskarta, cikin 'yan kallon ƙwallo masu waƙa da harsuna iri-iri. Ta buga wa Mama ta ce Reuben ya taso, sai a je tarbarsa a Kano. Da ta kashe wayar, wani mutum a gefenta ya washe baki.

"Ashe 'yar gida ce. Sannu, Hajiya. Kin ga wannan kuwa? Yana ta yawo, an ce ma 'yan wajenmu ne."

Ya miƙo mata wayarsa. Bidiyo ne, wani ya ɗauka ta tagar mota yana gudu. Ga farar motar tana juyawa, ga sahun yana watsewa, ga muryar mai ɗaukar yana dariyar firgita. A ƙarshe, can nesa, mace ba ɗankwali da namiji a durƙushe, ya zuba duk nauyinsa a kan hannuwansa. Daƙiƙa uku aka nuna shi, hoton ya ƙare.

Ta so ta ture wayar, ta gaya masa abin da ta gaya wa Reuben ranar da ya zo cin tuwo. Amma ba ta da hoton ƙanenta ko ɗaya da yake haka, kansa a sunkuye, bai ɗaga ba.

"Sake kunna mini," ta ce.

Mutumin ya kunna da murna. Mutum uku da ke bayanta suka miƙo wuya ta kan kafaɗarta don su ma su gani.